Injunan da Sagir Ya Ɓoye a Sito

Akwai wani matashi a Abakpa mai suna Sagir, wanda in ka gan shi da safe rataye da jakar laftof yana jiran motar Kawo, sai ka rantse shi ke riƙe da intanet ɗin Kaduna gaba ɗaya. Alhali mataimaki ne a wata cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta a Katabu. Aikinsa jan kebul, goge kwamfutoci, da kunna abin da aka ce ya kunna.

Ba malalaci ba ne, wannan kam sai a faɗa. Kansa yana ja. Matsalarsa ɗaya ce, yana son a gan shi ya iya tun kafin ya iya.

Mai cibiyar, Hajiya Salamatu, tsohuwar shugabar makaranta ce, kuma ba ta maimaita magana. Wata rana ta tara ma'aikata ta ce daga shekara mai zuwa, duk wanda zai taɓa mata injuna sai mai takardar shaidar ƙwarewa. Wanda ba shi da ita, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

To, a ɗakin injuna mutum biyu ne kawai. Akwai Nuhu, babban injiniya, mutumin Zonkwa, wanda ya daɗe da samun tasa takardar. Sai Sagir. Don haka ba sai an faɗi wanda ake nufi ba.

Tun daga ranar hankalin Sagir bai sake kwanciya ba. Aikin nan shi ne hayar ɗakinsa, shi ne abincin matarsa Harira da 'yarsu Mardiyya. Bai manta irin yawon da ya sha da takardun makaranta a hannu ba kafin ya same shi, kuma Nuhu ne ya tsaya masa aka ɗauke shi.

Jarrabawar da ke gabansa ita ce wadda 'yan harkar ke kira CCNA, ta ilimin haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna. Ba a cin ta da hadda kawai, sai mutum ya sa hannu. Shi ya sa masu shirinta kan haɗa ɗan wurin gwaji a gida. Sukan nemi siwic, wato akwatin da ake jona kwamfutoci a jikinsa, da rauta, wadda ke nuna wa saƙo hanyar da zai bi. Ka ɓata, ka gyara, ka sake ɓatawa, ba ka cutar da kowa ba.

Wata rana suna cin shinkafa da wake a bakin get, Sagir ya ce, "Oga Nuhu, me ya kamata in saya?"

Nuhu ya ajiye cokali. "Kafin ka sayi komai, akwai manhaja kyauta da za ka sa a laftof ɗinka. Za ta zana maka siwic da rauta, ka yi ta ba su umarni kamar na gaske. Fiye da rabin karatun a nan za ka yi shi."

"Zane kuma, Oga? Ni so nake in taɓa ƙarfe."

"To ka taɓa. Nemi ƙananan siwic guda biyu da rauta ɗaya, irin marasa fanka. Ba sa ƙara, ba sa shan wuta. Ka tabbata an haɗa maka da kebul ɗin da ake shiga cikinsu da shi, don 'yan kasuwa sukan yi kamar sun manta. Kuma kafin ka duba girman inji, fara duba wutar Abakpa."

Sagir ya yi dariya.

"Ba wasa nake ba," in ji Nuhu. "Sai abu ɗaya da ya fi duk waɗannan. Kayan gwaji ba sa haɗuwa da netwok ɗin da mutane ke aiki a kai. Ko na minti ɗaya. Ka ji ni?"

Sagir ya ce to. Irin to ɗin nan da ake cewa don a wuce wurin.

Gaskiyar magana, akwai abin da ke cin sa a rai. Yana cikin wani zauren WhatsApp na masu shirin jarrabawar, inda wasu ke turo hotunan kayan gwajinsu, injuna jere a kan juna har tsawon durowa, fitilu kore suna ta ƙyaftawa. Duk ya kalla sai gabansa ya faɗi. Idan aka yi tambaya a kan abin da ƙananan ba sa yi fa? Idan ya faɗi saboda ya yi ƙwauro fa? Tsoro ne da son burgewa suka haɗu masa, har shi kansa ya kasa raba su.

Ranar Asabar ya nufi Doka, shagon wani Bakano mai suna Lawan da ke sayar da kayan kwamfuta 'yan Beljiyam, wato na hannu. Ya faɗi abin da Nuhu ya ce. Lawan ya ɗauko masa ƙananan, kowanne bai wuce faranti ba, ya jera a kan tebur.

Sagir ya juya su, ya taɓe baki. Idonsa yana can ƙuryar shago, inda wasu manya ke jingine, masu ramukan kebul jere kamar haƙoran matsefi.

Lawan ɗan kasuwa ne, ya ga inda idon ya tafi.

"Injiniya, ai da gani ka wuce waɗannan ƙananan. Waɗancan kuwa daga wani banki aka ciro su a Turai. Duk abin da ke cikin littafinka suna yi, har da wanda ba a rubuta ba."

Kalmar injiniya ta shiga Sagir har ƙashi. Ba wanda ya taɓa kiran sa da ita sai da zolaya.

"Amma fa tsakani da Allah," Lawan ya ƙara, "suna da cin wuta, suna da ƙugi. Ita kuma babbar rautar nan tsohuwa ce. In ka kashe ta, wani lokaci sai ka lallaɓa kafin ta tashi. Kana da sola mai ƙarfi a gida?"

"Kada ka damu da wannan," in ji Sagir.

Ɗan inbata mai ajiye wuta a batir gare shi, wanda aikinsa fanka ɗaya da cajin waya. Haka ya kwashi manyan siwic biyu da babbar rauta, mai keke napep yana ta mita saboda nauyi.

Da la'asar aka kawo wuta. Sagir ya jera su a falo, ya jona, ya kunna. Sai ɗakin ya ɗauki ƙara kamar an tayar da injin markaɗe a tsakar gida. Mardiyya da ke barci ta farka da kuka. Harira ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallon su.

"Abban Mardiyya, haka za su riƙa yi?"

"Da farko ne kawai. Suna zama za su yi shiru."

Ba su yi shiru ba.

Ya ɗauki hoton fitilun yana murmushi a gefe, ya ɗora a WhatsApp. Kafin magariba saƙonni sun cika masa waya. Wannan ya ce Allah ya ƙara ɗaukaka, wancan ya ce Injiniya ka gama da mu. Wannan hoton shi ne abu mafi girma da injunan suka yi masa a gidan.

Gidan haya ne, mita ɗaya ake rabawa. Ba a jima ba katin wuta ya fara ƙarewa da wuri, har Baba Tani ta ɗakin kusa ta tare Harira a bakin famfo ta tambaye ta ko mijinta walda ya fara a ɗaki. Wutar ma ba ta cika zuwa ba sai yana wurin aiki. In an ɗauke yana tsakiyar darasi, ɗan inbatan ya yi tsuwa sau ɗaya ya mutu, duk abin da ya tsara ya tafi.

Makonni suka shuɗe. Babi na farko bai gama ba. Duk ya haɗu da Hajiya a baranda ta ce, "Yaya karatu?" sai ya ce alhamdu lillahi, ya yi sauri ya wuce.

Harira ta ce, "Ka mayar masa mana ka karɓo ƙananan. Ko da ciko ne."

"In mayar? Bayan kowa ya gani? In je in ce wa Oga Nuhu me?"

"Ka ce masa ya fi ka gaskiya. Ai ba zagi ba ne."

A ransa ya riga ya samo wata dabara.

A bayan cibiyar akwai wani sito da ake tara matattun kwamfutoci, jikin ɗakin janareto, inda ƙara ba ta damun kowa. Makullinsa yana hannun Sagir. Wuta kuwa a cibiyar ba ta yankewa, ga sola ga janareto. Ranar wata Lahadi, lokacin da ya san Nuhu yana coci, ya ɗauki shatar keke ya kai injunan, ya jera su a bayan tarkace, ya kulle.

Karatu ya fara tafiya, amma siton ba taga. Zafi da ƙugi ba sa barin mutum ya daɗe. Yana share gumi wata rana sai ya hango ramin kebul a jikin bango, tun na lokacin da siton yake ofis. Ramin yana haɗe da netwok ɗin babban zauren jarrabawa. In ya jona injunansa a nan, zai iya zama a zaure, ƙarƙashin sanyin AC, ya riƙa ba su umarni daga laftof ɗinsa.

Maganar Nuhu ta faɗo masa. Ya tsaya da kebul a hannu. Sai ya ce wa kansa ai yanzu ba lokacin jarrabawa ba ne, kwamfutocin zaure duk a kashe suke, shi kaɗai ne a kai. Kafin a fara zai cire. Ya soka kebul ɗin.

Ba abin da ya faru a ranar, ba abin da ya faru washegari. Shi ke nan ya saba.

Aka sa jarrabawar gwaji ranar wata Asabar. Ba ƙaramar rana ba ce, domin jami'in hukumar jarrabawa zai zo ya ga ko cibiyar ta cancanci a ba ta ɗalibai a babbar jarrabawa. Ranar Alhamis Nuhu da Sagir suka kunna kwamfutocin duka suka gwada, komai lafiya.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Nuhu ya fita neman man janareto. Sagir ya samu sarari ya buɗe darasin da ya kai, na rabon adireshi. Kowace kwamfuta in aka kunna ta, sai ta fara neman adireshi, kamar lambar gida, wanda za a riƙa kawo mata saƙo da shi. A cibiyar, babbar kwamfutar ɗakin injuna ce ke rabawa. Sagir ya koya wa tsohuwar rautarsa wannan aikin. Ya gwada da laftof ɗinsa, ta ba shi adireshi nan take. Daɗi ya kama shi, karo na farko ya ji lallai zai ci jarrabawar nan.

Ya tashi tafiya, ya tuna halin rautar, ya ji tsoron kashe ta kada ta ƙi tashi. Ya ce bari ta kwana a kunne, gobe da sassafe ya cire kebul ɗin kafin kowa ya zo.

Washegari da sassafe ya tarar da ɗalibai sun riga sun cika bakin get, iyaye suna ta turereniya. Hajiya tana ganin sa ta miƙa masa na'urar ɗaukar zanen yatsa, ta ce ya tsaya a ƙofa. Hayaniya ta ɗauke masa hankali. Siton bai sake faɗo masa ba.

Ɗalibai suka zauna. Jami'in ya duba agogo ya ce a kunna.

Aka kunna. Wasu kwamfutocin suka buɗe shafin jarrabawa. Wasu suka tsaya suna ta juyi. A layi ɗaya sai ka ga wannan ta buɗe, ta kusa da ita ta ƙi, ta gaba ta buɗe. Hannuwa suka fara tashi sama, ƙus-ƙus ya cika zaure. Wata yarinya a layin gaba ta kifa kai a tebur ta fara kuka, don ita a saninta rayuwarta ce ta tsaya.

Nuhu ya durƙusa gaban ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi, ya danna 'yan maɓallai. Fuskarsa ta sauya. Ya yafito Sagir.

"Duba adireshin nan. Ba namu ba ne. Akwai wata na'ura a cikin gidan nan da ke riga tamu amsawa, tana raba adireshin banza."

Sagir ya leƙa. Lambobin da ya gani shi ya rubuta su da hannunsa jiya. Rautarsa ce ke yi wa kwamfutocin abin da ɗan kamashon bogi ke yi wa fasinja a tasha, ya yanka maka tikiti na motar da babu ita.

Zufa ta karyo masa.

Nuhu ya ɗago ya dube shi ido cikin ido. "Sagir, akwai abin da aka jona bayan gwajin da muka yi? Ko wani ya shigo da wani abu? Ka tuna da kyau."

Hajiya tana tahowa daga ƙarshen zaure, jami'in yana bayanta. Sagir ya ga aikinsa, ya ga ɗakinsa, ya ga Harira tana naɗe kaya.

"Ban sani ba, Oga," ya ce.

Nuhu bai ko yi shakka ba. Ya dafa kafaɗarsa. "Tsaya da yaran nan ka kwantar musu da hankali. Bari in je in bi kebul ɗaya bayan ɗaya." Ya ruga ɗakin injuna, inda ɗaruruwan kebul suka taru wuri guda.

Yana shigewa Sagir ya sulale ta ƙofar baya. Ya buɗe siton, ya fizge kebul ɗin daga bango, ya kashe injunan duka, ya kulle. Ya dawo zaure yana haki, ya fara bin layi yana kashe kwamfutocin da suka ƙi yana sake kunnawa.

Duk wadda ya taɓa sai ta buɗe.

Abin da Hajiya da jami'in suka gani ke nan. Yaro yana gudu daga layi zuwa layi, rigarsa sharkaf, kwamfutoci suna tashi a bayansa. Babban injiniya kuwa ba a gan shi ba sai da aka gama, ya fito jikinsa duk datti.

An yi jarrabawa, amma a makare ƙwarai. Jami'in ya ce dole ya kai rahoton abin da ya gani, sauran kuma yana hannun na sama. Bayan ya tafi Hajiya ta kira su ofis.

"Nuhu, me ya faru?"

"Hajiya, wata na'ura ce ta shigo netwok ɗinmu. Kafin in gano inda take ta ɓace."

"Ta ɓace. Aljani ce?"

"Ban gano ba tukuna. Ba zan faɗi abin da ban sani ba."

"A gidana, a ƙarƙashinka, abu ya shigo ya fita ba ka sani ba. Wanda ba shi da takarda shi ya fitar da ni kunya yau." Ta juya ga Sagir. "Ranar Litinin Nuhu zai miƙa maka makullan ɗakin injuna, ya kama gabansa. Takardar ka kawo ta duk lokacin da ka samu."

Abin da ya yi watanni yana fargabar rasawa, ga shi an ninka masa. Nuhu ya ce, "Na gode, Hajiya," ya fita. A baranda har ya miƙo wa Sagir hannu ya ce, "Ka yi ƙoƙari yau."

Sagir ya isa gida kamar wanda aka yi wa duka. Harira ta kawo tuwo, ya tsakuri loma biyu ya ture. Washegari ma haka. Waya in ta yi ƙara sai ya zabura. Ya yi ta lissafin yadda zai kwashe injunan kafin Litinin, sai ya tuna tun abin da ya faru Hajiya ta hana kowa fita da ko allura ba tare da izininta ba.

Da yammacin Lahadi Harira ta zauna kusa da shi tana tsefe wa Mardiyya kai.

"An ƙara maka girma, amma tun jiya kamar wanda aka aiko wa da rasuwa. Me ka yi?"

Ya so ya ce ba komai. Sai maganar ta zubo da kanta, tun daga sito har ofishin Hajiya.

Harira ba ta katse shi ba. Da ya gama ta dube shi.

"Oga Nuhun da ya kai ka wurin?"

"Shi."

"Yaransa nawa?"

"Harira, in na faɗa kora ta za a yi. Ina za mu? Me za ku ci?"

"Ban sani ba. Ni ma tsoro nake ji, wallahi." Ta ɗaure wa yarinyar gashi. "Amma abincin da za ka riƙa kawowa daga kujerar nan, ni dai ba zai wuce mini a wuya ba. Ka yi yadda ka gani."

Ranar Litinin ya tafi bai yanke komai ba. A mota ya ce zai faɗa. A Kawo ya ce ai Nuhu yana da takarda, ba zai rasa wani aikin ba. Kafin Katabu ya sauya ra'ayi ya fi a ƙirga.

Ya tarar Nuhu ya riga shi zuwa, ya haɗa 'yan kayansa a kwali. Hajiya tana tsaye a ƙofar ɗakin injuna don ta ga an yi miƙon a gabanta.

Nuhu bai miƙa makullan kawai ya tafi ba. Ya ja Sagir ciki. "Zo in nuna maka. Batirin nan na ƙasa ya fara rauni, kada ka yarda da shi in janareto ya tsaya. Fankar nan takan maƙale, sai ka ɗan taɓa ta. Kuma abin nan na ranar Asabar, ban gano shi ba, yana iya dawowa ranar babbar jarrabawa. In ya dawo kada ka ji kunya, kira ni ko ina nake. Kada ka bari ya kayar da kai kamar yadda ya kayar da ni."

Ya ɗora masa makullan a tafin hannu.

Nan Sagir ya kasa jurewa. Idonsa ya ciko.

"Hajiya, Oga, don Allah ku biyo ni."

Ya kai su bayan gini, ya buɗe siton, ya janye tarkacen. Ga injunan nan uku, ga kebul a ƙasa daidai ramin bango. Bai ɓoye komai ba, har da yadda ya zo ya cire shi a ɓoye ya koma zaure.

Hajiya ta dubi injunan, ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mayar masa da makullansa. Ka kwashe kayanka yanzu. Kuskure ina iya haƙuri da shi. Wanda zai tsaya a gabana in kori mai gaskiya yana kallo, ba zan iya zama da shi ba." Ta juya ga Nuhu ta ce, "Ka yafe ni," ta wuce.

Sagir ya tare mai keke. Injunan sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ya tsaya yana kokawa da na farko a ƙofar sito. Sai ya ji an kama ɗaya gefen. Nuhu ne. Haka suka fitar da su ɗaya bayan ɗaya har bakin get.

Da aka ɗora na ƙarshe, Sagir ya ce, "Oga, ka yafe mini. Tsoro na ji kada in rasa aikina."

Nuhu ya karkaɗe hannuwansa.

"Na yafe. Amma bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Lokacin da na tambaye ka a zaure, da ka ce mini ni ne, da kafin Hajiya ta ƙaraso mun cire kebul ɗin. Da ni zan tsaya a gabanta in ce kuskuren mai koyo ne, laifina ne da ban duba siton ba. Da faɗa kawai za ka sha. Da yanzu kana ciki kana aikinka."

Sagir ya sunkuyar da kai.

"Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa," in ji Nuhu. Ya koma ciki, mai gadi ya ja get.

Darasi: Ka zaɓi kayan koyo daidai buƙatarka da ƙarfin gidanka, ba daidai idon mutane ba, kuma ka riƙe gargaɗin wanda ya riga ka a sana'a. In kuskure ya auku, ka faɗe shi a lokacin da aka tambaye ka, domin sau da yawa ba kuskuren ke raba mutum da abincinsa ba, ɓoyewar ce. Ku tura wa duk wani mai koyon sana'a da kuka sani, wataƙila yau wani yana tsaye da nasa kebul ɗin a hannu.